Buhun Hatsi da Akwatin Zaɓe: Abin da Ya Kamata Mu Sani Game da Amurka

Jawabin da sashen agaji ya gabatar wa wakilan ikkilisiyoyin karkara

   

Tun daga shekarar 2025, duk ƙauyen da ma'aikatanmu suka shiga, tambayoyi iri ɗaya suke tararwa. Iyaye mata suna so su san dalilin da ya sa abincin yara masu tamowa ya yi ƙaranci a asibiti. Dattawa suna tambaya ko Amurka ta yi fushi da mu ne. Matasa kuma suna cewa sun ji a waya cewa shugaban Amurka zai zo ya ceci Kirista. Ruwa ba ya tsami banza. Yau muna so mu zauna mu duba ƙasar nan ta Amurka yadda take, siyasarta da zaman mutanenta, mu faɗi ra'ayinmu ba rufa-rufa, sa'an nan mu ga abin da ya rage a hannunmu.

Daga ina buhun yake fitowa?

Yawancinmu mun san buhun nan da gwangwanin mai masu hoton hannu biyu suna musafaha, da rubutun da ke cewa kyauta ce daga mutanen Amurka. Asalinsa gona ce. Amurka tana da mutane wajen miliyan 340, amma ƙidayar 2022 ta nuna gonaki miliyan 1.9 ne kawai a ƙasar. Matsakaiciyar gona ta kai hekta 187. Manomi ɗaya da ɗansa da injuna suna iya nome filin da ya fi na ƙauye guda. A hekta ɗaya suna samun masara wajen buhu 110 mai kilo 100, inda mu kan sami buhu 20 mu yi godiya. Masarar ta yi musu yawa har fiye da kashi ɗaya cikin uku ana mai da ita man da ake gaurayawa da fetur a zuba wa mota.

Wannan yalwa ita ta haifi buhun. Bayan yaƙin duniya na biyu hatsi ya cika rumbunan gwamnati, farashi yana neman faɗuwa, manoma suna kuka. A 1954 shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar da ta ba da dama a kwashe rarar a kai ƙasashen waje. A 1961 shugaba Kennedy ya kafa hukumar USAID. Tsarin ya ce yawancin abincin a saye shi daga manoman Amurka, kuma aƙalla rabinsa a ɗauko shi a jiragen ruwan Amurka. Ke nan buhu ɗaya yana ciyar da mutum huɗu: manomin da ya sayar, mai jirgin da ya ɗauko, ɗan majalisar da manomin zai sāke zaɓa, sa'an nan mayunwacin da ya karɓa.

Ba muna faɗin wannan don mu rage darajar kyautar ba. Buhun nan ya ceci rayuka a yunwar 1973 da ta 1984, kuma akwai waɗanda ke zaune a nan yau da suka rayu da shi. Amma ya kamata mu san cewa tun ran farko akwai tausayi a cikinsa, akwai kuma lissafi. Har ma a 2007 ƙungiyar agaji ta CARE ta ce za ta daina karɓar hatsin wajen dala miliyan 45 a shekara da ake ba ta ta sayar a kasuwannin ƙasashe matalauta, domin ta ga yana karya farashin amfanin gonar manoman wurin. Abin da ya fito ta hanyar lissafin siyasa, lissafin siyasa yana iya tsayar da shi.

Wa yake yanke shawara?

Amurka tana da jihohi 50 da manyan jam'iyyu biyu, Rifablikan da Dimokurat. Ana zaɓen shugaban ƙasa duk shekara 4. Majalisar dattawa tana da kujeru 100, ta wakilai tana da 435, kuma dukan wakilai suna komawa gaban masu zaɓe duk shekara 2. Majalisa ce ke riƙe da jakar kuɗi, shugaba kuma shi ke aiwatarwa. Ƙasar ta rabu kusan biyu daidai. A zaɓen 2024 Donald Trump ya sami ƙuri'u wajen miliyan 77, Kamala Harris ta sami wajen miliyan 75. Tazara kaɗan ce, amma wanda ya ci yakan juya ƙasar gaba ɗaya zuwa nasa ɓangaren.

Mu ba ku misali. Akwai wata ƙa'ida da ta hana ba da kuɗin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje da ke da hannu a zancen zubar da ciki. Reagan ya kafa ta a 1984. Clinton ya soke ta a 1993. Bush ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da ita a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sāke dawo da ita a 2025. Ƙa'ida ɗaya, shekara 41, an kafa ta sau huɗu an rushe ta sau uku. Haka siyasar can take tafiya, kamar mai shuka da mai tonewa a gona ɗaya.

Kada kuma wani ya ce muku Kiristan Amurka bakinsu ɗaya ne. A zaɓen 2024, fararen fata na ikkilisiyoyin bishara, wajen takwas cikin goma sun zaɓi Trump. Baƙaƙen fata na ikkilisiyoyin Furotesta, wajen takwas cikin goma sun zaɓi Harris. Littafi ɗaya suke karantawa, Ubangiji ɗaya suke kira. Na farko suna cewa ba za su goyi bayan jam'iyyar da ta yarda da zubar da ciki da auren jinsi ɗaya ba, wanda babbar kotun ƙasar ta halatta a 2015. Na biyu suna tuna bauta da wariyar launin fata, suna cewa ba za su bi jam'iyyar da ke rage taimakon matalauci da korar baƙo ba. Kowane ɓangare ya riƙe wani sashe na gaskiya, ya saki wani. Ba jam'iyyar da ke da lasisin Mulkin Allah.

Abin da ya faru a 2025

Ran 20 ga Janairu 2025, ranar da aka rantsar da shi, shugaba Trump ya ba da umarni a dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90 domin a yi bincike. Attajirin nan Elon Musk ne ya jagoranci aikin rage kashe kuɗin gwamnati, kuma USAID ce ta fara shan gatari. A watan Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya sanar cewa an soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan hukumar, wajen kwangila 5,200. Ran 1 ga Yuli aka rufe ta, bayan shekara 64, abin da ya rage aka mai da shi ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. A cikin watan nan kuma majalisa ta janye wajen dala biliyan 8 na taimakon waje da ta riga ta amince da shi. A majalisar wakilai ƙuri'a 216 ce ta rinjayi 213. Ku lura, 'yan'uwa: mutum uku ne tsakani.

Sakamakon bai daɗe ba ya iso. A Yuli 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kuɗinta ya ƙare, mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Nijeriya za su rasa abincin agaji, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe suna fuskantar rufewa. A watan nan ne kuma aka ji cewa biskit na gaggawa kusan tan 500, wanda aka riga aka saya da kuɗin Amurka, wa'adinsa ya wuce a wani sito a Dubai saboda ba a ba da izinin raba shi a kan lokaci ba.

Don adalci, ba kome aka yanke ba. Shirin PEPFAR na maganin cutar ƙanjamau, wanda shugaba George W. Bush ya kafa a 2003, an ƙiyasta ya ceci rai wajen miliyan 25. Da aka so a cire masa dala miliyan 400, waɗansu sanatoci na jam'iyyar shugaban kansa suka ƙi, aka bar kuɗin. A Satumba 2025 kuma Amurka ta ba da dala miliyan 32.5 domin abinci a Nijeriya. Yabon gwani ya zama dole.

Ra'ayinmu

Ga inda muka tsaya. Kuɗin Amurka na Amurkawa ne. Suna da iko su bincika yadda ake kashe shi, kuma mu da muke wannan aiki mun san akwai ɓarna a harkar agaji: manyan motoci, tarurruka a otal, buhun da ke ɓacewa a hanya ya ɓullo a kasuwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma mai gyaran jinka ba ya kware ta gaba ɗaya da tsakar damina alhali jariri yana kwance a ɗakin. Da an ce shekara uku ko biyar za a janye sannu a hankali, da gwamnatoci da ikkilisiyoyi sun shirya. Tsayar da magani da abinci dare ɗaya, ga mutanen da aka riga aka yi wa alkawari, ba daidai ba ne, kuma muna faɗin haka ko da wace jam'iyya ce ta yi shi.

A cikin Amurka ma an yi wannan muhawara da harshen bangaskiya. A Janairu 2025 mataimakin shugaban ƙasa, JD Vance, ya ce koyarwar Kirista ita ce mutum ya fara ƙaunar iyalinsa, sai maƙwabci, sai 'yan ƙasarsa, daga baya sauran duniya. A Fabrairu Fafaroma Francis ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka a kan korar baƙi, ya mai da su ga misalin Basamariyen nan mai tausayi. Mu mun yarda cewa wanda ya bar gidansa da yunwa yana rabon abinci a waje ya yi kuskure, manzo Bulus ma ya koyar da haka. Amma Basamariyen bai tambayi mutumin da ke kwance a hanyar Yariko ƙabilarsa ba. Kuma 'yan'uwanmu na can da suka yi shekara 49 suna gwagwarmaya domin ɗan da ke cikin ciki, har kotu ta soke hukuncin 1973 a 2022, muna girmama su, muna kuma roƙonsu su tuna cewa yaron nan da aka haifa, wanda hannunsa ya zama kamar kara saboda yunwa, shi ma cikin siffar Allah aka yi shi.

Me ya sa talakan Amurka ya yarda?

Dalili na farko rashin sani ne. Idan aka tambayi Amurkawa nawa ne cikin kasafin ƙasarsu ke tafiya taimakon waje, matsakaiciyar amsarsu wajen kashi ɗaya cikin huɗu ce. Gaskiyar kuwa wajen kashi 1 ne cikin 100. Mutumin da yake tsammani ana kwashe rubu'in rumbunsa ana kai wa baƙi, dole ya yi fushi. Yadda jita-jita ke yawo a wayoyinmu, haka take yawo a nasu.

Dalili na biyu shi ne su ma ɗakinsu yana yoyo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan zai ba waɗansunmu mamaki. Ma'aikatar gonarsu ta ce a 2023 mutum miliyan 47 suna zaune a gidajen da abinci ba ya isa ko yaushe. A 2025 wajen mutum miliyan 42, wato ɗaya cikin takwas, suna sayen abinci da katin tallafin gwamnati. Dokar da aka sa wa hannu ran 4 ga Yuli 2025 za ta rage wa wannan tallafi wajen dala biliyan 186 cikin shekara 10. Da gwamnati ta rufe na kwana 43 a Oktoba da Nuwamba saboda majalisa ta kasa daidaitawa a kan kasafi, kuɗin abincin nan ya makara, mutane suka yi layi a ƙofar majami'u suna karɓar kwalin abinci. Ƙidayar da aka yi a dare ɗaya a Janairu 2024 ta sami mutum fiye da 770,000 marasa gida. Duk da haka, ma'aikatar gonar ta ƙiyasta kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na abincin ƙasar zubar da shi ake yi. Gatarin da ya sari talakan Borno shi ne ya sari talakan can.

Yunwar can ba irin tamu ba ce. Da wuya ka ga yaro da kumburin ciki. Amma za ka ga uwa mai aiki biyu, dare da rana, kuɗin haya ya cinye rabin albashinta, ciwo ɗaya a asibiti ya jefa ta bashin shekaru. Akwai kuma wata yunwa da ba ta ciki ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen Amurka mutum ɗaya ne kaɗai a ciki. A 2023 babban likitan gwamnati, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba. A 2021 mutum fiye da 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Majami'u suna raguwa: a 1999 kashi 70 cikin 100 na Amurkawa 'yan wata majami'a ne ko wani wurin ibada, a 2020 suka koma kashi 47. Manomin da ya noma buhun da muke ci, matsakaicin shekarunsa 58 ne, kuma sau da yawa 'ya'yansa sun tafi birni.

Matasanmu, ku ji wannan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya turo muku hoto a gaban mota ba zai turo muku hoton takardar bashi ba. A ƙauyenku idan tsohuwa ba ta fito da safe ba, kafin hantsi an leƙa ɗakinta. Wannan arziki ne da dala ba ta saye, kada ku raina shi.

Akwai wata Amurka

Gwamnati ba ita ce dukan ƙasa ba. Tun kafin a kafa USAID akwai Amurkawan da suka zo mana ba da ƙuri'ar majalisa ba. Johanna Veenstra, budurwa daga jihar New Jersey, ta iso Nijeriya a 1920, ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a 1933 aka binne ta a Vom. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida, inda EYN ta samo tushe. Da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a 2014, 'yar ƙaramar ikkilisiyarsu ta Amurka, wadda yawan membobinta bai kai na 'yarta ta Nijeriya ba, ta tara miliyoyin daloli daga baiko da gwanjon kayan hannu.

Daga wannan ikkilisiya ne wani manomi mai suna Dan West ya fito. Yana raba wa yara madara a kofi lokacin yaƙin basasar Sifen, sai ya ga cewa kofi yana ƙarewa amma saniya ba ta ƙarewa. A 1944 aka aika da karsana 17 na farko zuwa tsibirin Puerto Rico, da sharaɗi ɗaya: wanda ya karɓa zai ba wani 'yar maraƙa ta fari. Maƙwabtanmu Fulani sun daɗe da irin wannan al'ada, suna kiranta habbanaye. Ashe abin da ya yi tafiyar teku ya zo mana, muna da shi a bayan gida.

Ga kuma Jimmy Carter, manomin gyaɗa daga jihar Jojiya, malamin makarantar Lahadi. Ya yi shugabanci shekara 4 kacal, aka kayar da shi a 1980. Bayan ya sauka ya sa kurkunu a gaba. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da shi a duniya. A Nijeriya kaɗai an ƙirga fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Tare da Janar Yakubu Gowon da dubban masu sa kai na ƙauyuka, aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwo shiga tafki. A 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. A shekarar da Carter ya rasu, 2024, yana da shekara 100, mutum 15 kawai aka samu da ita a duniya. Ku duba bambancin. Ƙyallen tacewa da sanin da ya shiga kan iyayenmu mata, ba majalisar da za ta iya janye su.

Zancen ceton Kirista

Ba za mu tsallake wannan ba, domin a cikinku akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa, akwai waɗanda gonakinsu ba sa shiguwa. A Disamba 2020 Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini. A Nuwamba 2021 sabuwar gwamnati ta cire ta. A ƙarshen Oktoba 2025 aka mai da ita, kuma ran 25 ga Disamba 2025 sojojin Amurka suka kai hari ta sama a jihar Sakkwato. Muna godiya ga duk wanda ya ɗaga murya saboda jinin marasa laifi. Amma ku dubi shekarun: an sa, an cire, an sa. Da sunan yana cikin jerin da ba ya ciki, makokinmu bai canja ba. Wani lokaci sunanmu yana shiga bakin ɗan siyasar can ne saboda akwai masu zaɓe a jiharsa da suke so su ji. Wannan yana iya yi mana amfani yau, gobe ya shuɗe.

Kada mu ɗora begenmu ga sarkin wata ƙasa. Annabawa sun sha tsawata wa Isra'ila a kan jingina da Masar. Kada kuma mu yarda maganar da aka yi a Washington ta sa mu kallon maƙwabcinmu Musulmi da wani ido, alhali shi ma an sace masa shanu, an kashe masa ɗa, kuma da shi za mu ci kasuwa ranar kasuwa. Hakkin tsare rai yana wuyan gwamnatinmu, kuma ita za mu ci gaba da tambaya.

Abin da ya rage a hannunmu

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yusufu a Masar bai jira shekarun yunwa ba, a shekarun ƙoshi ya tara kashi ɗaya cikin biyar. Muna roƙon kowace ikkilisiya ta ɗauki waɗannan abubuwa ta kai gaban majalisar dattawanta.

Na ɗaya, rumbun ikkilisiya. Da kaka, kowane gida ya kawo abin da ya iya, ko mudu biyu ne. A ba da rance a tsakiyar damina lokacin da hatsi ya yi tsada, a biya da kaka da ɗan ƙari. A sa mutum uku a kan mabuɗi, aƙalla ɗaya mace, a karanta lissafi a gaban jama'a. A buɗe ƙofarsa ga gwauruwa da maraya na kowane addini.

Na biyu, ajiya. Buhun nan mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masana na Afirka aka fara yaɗa shi a 2007, yana tsare wake da masara daga ƙwari ba tare da magani ba. Wanda ya sayar da wake da kaka don tsoron ƙwari, shi zai saye shi da tsada da bazara.

Na uku, abincin yara. Abincin nan na leda da ake ba masu tamowa, gyaɗa ce da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, kuma wani sashe nasa daga Jojiya ake kawo shi zuwa ƙasar da ta taɓa yin dalar gyaɗa a Kano. Yaron da ya riga ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, kunun gida ba zai maye gurbin magani ba. Amma kafin a kai can, zumuntar mata za ta iya koya wa kowace amarya kunun gero da gyaɗa da waken soya, da miyar zogale, da shayar da nono zalla wata 6.

Na huɗu, akuya mai zagayawa. Ikkilisiya ta sayi awaki kaɗan ta ba gidajen da suka fi bukata, 'yar fari ta wuce gida na gaba.

Na biyar, masu shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka kada su daina saboda jita-jita. Su je asibiti su tambaya, mu kuma mu raka su ba tare da tsegumi ba.

Na shida, ƙuri'armu. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi domin lafiya. Nijeriya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika shi ba. Idan ƙuri'a uku a wata majalisa mai nisa za su iya rufe asibitin yaranmu, to lokaci ya yi da za mu tambayi kansila da ɗan majalisar da muka zaɓa abin da ya yi da namu kuɗin.

A ƙarshe, mu yi wa Amurka addu'a, ba irin addu'ar mai jiran rabo ba, irin ta ɗan'uwa. Mu yi addu'a domin shugabanninta su yi mulki da tsoron Allah, domin tsohon manomin da ba shi da magaji, domin uwar da ke layin abinci, domin majami'un da kujerunsu suka zama wofi. Ikkilisiyoyin Makidoniya matalauta ne, amma su ne suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar Urushalima. Ba wanda ya talauce har ya rasa abin bayarwa.

Ubangiji ya albarkaci gonakinku da garkunanku, ya tsare shigarku da fitarku, ya ba ƙasarmu salama.  Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.